FIM ƊIN DA AKA BINNE: Shafi na 23

Masu bina har inbox da "Anti ina cigaba", na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Wuta ce aka ɗauke mana, sai da na kai wayar caji wajen mai shago. Ga wanda kuma aka tura masa wannan shafin bai san farko ba: Basira fim ɗaya tak ta taɓa yi, shi ma bai fita ba. Ta bar Mansur, daraktan da ya so ta kamar ransa, ta auri Barista Kabir Maje. Kafin a ɗaura aure Barista ya saye fim ɗin ɗungurungum don kada kowa ya ga matarsa a talabijin. To jiya wani guntun fim ɗin ya ɓulla a wayoyin mutane.

*

Rabon Basira da niƙabi tun tana Islamiyya. Yau ga shi a cikin jakarta, a ninke ƙarƙashin turare.

Direba ya sauke ta a ƙofar Asibitin Malam, ta ce masa dubiya za ta shiga, ya dawo bayan la'asar. Haka ta faɗa wa Barista da safe. Shi kuma ya ce a gai da mai jiki, bai ko tambayi waye ba shi da lafiya ba. Motar na shan kwana ta ɗaura niƙabin, ta tsayar da adaidaita sahu.

"Gyaɗi-Gyaɗi, cikin layin masu gyaran janareta."

'Yanmata biyu ta tarar a ciki, da fararen kayan makarantar koyon jinya, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ba ta gama gyara zama ba ta ji muryarta.

Muryarta fa, ita Basira, tana fitowa daga wayar wata.

"Ni ba shi na aura ba, kujerarsa na aura. Ranar da kujerar ta faɗi, ko takalmina ba zan tsaya ɗauka ba."

Ɗayar ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Maimaita, don Allah maimaita."

"Kin ga sigarin a hannunta? Wallahi ɗakin otal ne wannan."

"Matar Barista Maje fa, wanda ake cewa za a ba kwamishina. Ita ce ta zo mana taron ranar mata, tana ta wani yauƙi da Turanci."

"Allah ya kiyaye mu da auren kuɗi."

"Ni dai Allah ya ba ni, ba zan yi surutu ba."

Suka tuntsire da dariya, har mai adaidaitan ya taya su. Basira ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, gumi na bin bayanta. Sigarin nan ko kunna shi ba ta iya ba, Mansur ne ya kunna mata ya ce ta riƙe kawai. Ɗakin kuma falon yayarsa ne aka rufe tagoginsa da bargo, don shi Mansur duhu yake so a fim, wai duhu ya fi faɗin gaskiya. Amma an yanke kiɗan, an yanke inda ake cewa a fara, an bar ta ita kaɗai da bakinta. Wa zai tsaya ya saurari bayani?

*

Situdiyon na nan inda ta bar shi, a saman shagon mai ɗinki. Matakalar ma ba a gyara ba. Ta tura ƙofar ba sallama.

Mansur na zaune ya ba ta baya, fuskarsa a kwamfuta, abin ji a kunnensa. Ya rame, furfura ta fara cin gefen kansa tun bai isa ba. Ta ɗaga niƙabin.

"Mansur."

Ya juyo a hankali. Bai razana ba, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ya zare abin kunnen ya ajiye.

"Hajiya. Ɓatan hanya kika yi? Unguwarku Tarauni can baya ce."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"To, madalla. Ki zauna mana, Allah ya isar ta fi daɗi a zaune."

"Ban zo zama ba! Me na yi maka da zafi haka? Don na ce ba zan aure ka ba? Dole ne? Shekara shida kana riƙe da ni a ranka, sai yanzu da ka ji mijina zai samu muƙami za ka tona min asiri?"

"Wane asiri?"

"Kar ka raina min hankali."

"A'a, tambaya nake. Fim ne ai. Ni na rubuta, ke kika hau kai. Labarin mace ce da ta bar wanda take so ta bi mai kujera." Ya ɗan murmusa, murmushin da ba daɗi a cikinsa. "Ban san za ki tafi da shi gida ki ƙarasa ba."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko da kansa.

"Mugu. Wallahi kai mugu ne."

"Na ji. Kin gama?"

"Ka sauke shi. Ka fito ka faɗa wa duniya fim ne, kai ka saki. Duk abin da kake so zan ba ka."

Nan fa fuskarsa ta canja.

"Duk abin da nake so," ya maimaita. "Kin iya maganar masu kuɗi yanzu. Har muryar kin ɗauko."

Ya miƙe ya buɗe tagar, ƙarar janareta ta cika ɗakin, ya sake rufewa. Ya tsaya can bai juyo ba.

"Basira, ranar da mijinki ya zo sayen fim ɗin nan, a gabansa na goge komai daga kwamfutata. Har da hotunan da aka ɗauka a wajen aiki. Ya sa na dafa Alƙur'ani a kan ban bar ko ƙyalli ba, na dafa. Faifai ɗaya ya rage a duniya, na saka masa a leda da hannuna. Wata bakwai na yi ina wahalar fim ɗin nan, na sayar da babur ɗina a kansa, ban taɓa ganinsa a allo ba. Ban rabu da fim ɗin don mijinki ba, don ke na yi, saboda kin ce min idan ina ƙaunarki in bar ki ki yi aurenki cikin mutunci."

"Ya ce ya ƙona faifan."

"Haka ya ce miki?"

"A gabana ya..." Ta tsaya. A gabanta ne? A'a. Dawowa ya yi wata rana ya ce an wuce wajen, ita kuma ta yi masa godiya har da durƙusawa.

Mansur ya jawo kujerar roba ya tura mata da ƙafa. Wannan karon ta zauna.

"Makon jiya ya zo nan," in ji shi. "A kan kujerar nan ya zauna. Shi kaɗai, ba direba, ya saka hular sanyi kamar ba za a gane shi ba. Faifan na hannunsa, cikin ledar da na ba shi."

"Ƙarya kake."

"Ya ce in cire masa wajen nan na ɗakin duhu. In cire kiɗa, in rage hasken, in sa ya yi kama da wanda aka ɗauka a ɓoye da waya."

"Ƙarya kake, Mansur!"

"Na tambaye shi, duk masu tace fim da ke Zoo Road, me ya sa sai ni? Kin san me ya ce?"

Ta zuba masa ido.

"Ya ce ai ni na fi kowa dalilin yi. Ya ce, 'Yarinyar nan ta wulaƙanta ka, ga dama ta zo.' Yana min dariya, kamar ni da shi abokai ne."

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na yi tsaki. Akwai maza, akwai kuma Barista.

Basira ta ji ɗakin na juya mata. Ta dafa teburin.

"Don me? Me na yi masa? Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Gidansu ba wanda ban yi wa bauta ba. Har sunana na fim na binne, ƙawayena na da ko gaisuwarsu ba na amsawa. Don me?"

"Ba ki yi masa komai ba. Abokan hamayyarsa ne suka fara raɗe-raɗin matarsa tsohuwar 'yar fim ce, maganar ta kai kunnen manya. Ya ce idan ya zauna da ke za a yi ta jifansa da ita har muƙamin ya wuce shi. Idan kuma ya sake ki haka kawai, za a ce butulu ne, tunda Babanki ne ya koyar da shi, shi ya kai shi wajen aikinsa na farko. Amma idan ke kika yi abin kunya, shi kuma ya nuna ba ya ɗaukar raini, kin ga ya zama namijin duniya."

"Shi ya faɗa maka duk wannan?"

"Bai ɗauke ni mutum ba balle ya ɓoye min."

"Kai kuma ka yi masa."

Ya juyo ya kalle ta, kallon da ya sa ta sunkuyar da kai.

"Har yanzu ba ki san ni ba. Na ce ya ɗauki ledarsa ya sauka tun ina ganin girmansa. Ya samu wani ya yi masa, ba wuya ba ne, aikin ma ko kyau bai yi ba."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ta ina? Lambata kin toshe ta tun ranar kamu. Na aika ƙanwata gidanki, maigadi ya ce Hajiya ta hana 'yan fim shiga."

Haka ne. Ita ta bayar da wannan umarnin da bakinta, tana tsaye a baranda da kofin shayi. Kukan da take dannewa tun jiya ya ƙwace mata. Ba kukan 'yan gayu ba, kuka sosai, har da majina. Mansur bai matso ba. Ya tura mata ledar ruwa ta kan tebur, ya koma ya jingina da bango.

"Ban taɓa jin daɗi ba," ta ce cikin kukan. "Wallahi ko na kwana ɗaya. Gida kamar otal, kowa da ɗakinsa. Idan za a fita taro ne yake tunawa da ni, ya ce in saka leshi kaza. Nan wajen, muna cin gurasa a takarda kana min faɗa na manta layi, na fi..."

"Kar ki ƙarasa."

"Mansur..."

"Ki bari, Hajiya. Matar aure ce ke. Kuma ko ba haka ba, ba na so in ji. Na roƙe ki a matakalar can, ina kuka kamar yaro, masu janareta na kallona. Kika ce min, 'Mansur, so ba ya sa a tashi tsaye idan mace ta shigo taro.' To an tashi miki. Ni kuma na daɗe da koyon zama ba ke, da ƙyar na koya, ba za ki zo ki rusa min ba don yau abin ya juya."

Ta goge fuskarta da gefen hijabi. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ta faɗa masa a ranar ba.

"Za ka maimaita wannan a gaban Baba?"

"Zan maimaita a gaban kowa. Amma ki yi tunani, wa zai yarda da ni? Tsohon saurayi, ɗan fim, a kan Barista?" Sai kuma ya ɗago da sauri. "Tsaya. Ya san kin zo nan?"

"Na ce masa dubiya za ni."

"Ya bar ki? Ranar da bidiyonki ke yawo a gari, ya bar ki ki fita, bai tambayi komai ba?"

Suka kalli juna.

"Tashi ki tafi," in ji Mansur, muryarsa ta yi ƙasa. "Yanzu. Kuma ko me zai ce, ki yi shiru. Kar ki nuna kin sani sai kin samu hujjar da ba ni ba."

*

A ƙofar gida ta ga tsohuwar motar Baba, wadda ba ya fito da ita daga Darmanawa sai da babban dalili. 

Suna babban falo. Malam Zakariyya, mahaifinta, na kan kujera da carbi a hannu, bai taɓa lemon da aka ajiye masa ba. Barista kuwa a ƙasa yake zaune kan kafet, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko gaisuwa daga tsaye yake yi wa mutane, yau shi ne a gurfane.

Ta durƙusa. "Baba, ina wuni."

"Lafiya." Bai kalle ta ba. "Mijinki ya kira ni. Kabiru, faɗi abin da ka faɗa min, ta ji."

Barista ya ja numfashi. Har da 'yar rawar murya, Allah na gani.

"Baba, ni na san fim ne. Ban taɓa zarginta a kan abin da ke cikin bidiyon ba. Amma da hannuna na ƙona faifan nan. Idan ya fito yau, ke nan yaron can ya ajiye wani. Abin da yake hana ni barci shi ne, me zai sa namiji ya riƙe hoton matar wani shekara da shekaru, idan ba akwai abin da bai mutu ba a tsakaninsu?"

Baba ya runtse ido. Carbin ya tsaya.

"Na hana ki harkar nan tun farko," ya ce a hankali. "Na ce miki abin da aka ɗauka ba ya gogewa. Ranar da Kabiru ya zo neman aurenki, ranar na fara iya ɗaga kai a masallacin unguwa. Yau da azahar a gida na yi salla, Basira. A gida."

Wannan ta fi mari ciwo. Ta cije leɓe, ta tuna maganar Mansur, ta yi shiru.

"Ni ba saki na ce ba, Baba," Barista ya ci gaba. "Ina jin nauyinka. Ta je gida ta ɗan huta, har ƙura ta lafa, a ga abin da Allah zai yi. 'Yarmu Safiyya kuma ta zauna nan wajen Hajiyata."

Basira ta ɗago. "Safiyya?"

"Saboda makaranta. Kuma yarinya ce mace, tana tasowa. Ba na so a riƙa nuna ta a layi ana cewa ga 'yar mai sigari." Ya juyo gare ta, idonsa har da ƙwalla. "Don ita nake yi, Basira. Wata rana za ki gode min."

Yarinyar da ko abinci ba ta ci sai uwarta ta zauna kusa da ita. Yarinyar da bai san ajin da take ba.

Duk wani shiru da ta ɗauko daga Gyaɗi-Gyaɗi, nan ya zube.

"Munafuki!"

"Basira!" Baba ya daka mata tsawa.

Ina! Ta riga ta miƙe tsaye.

"Wallahi Baba munafuki ne! Bai ƙona komai ba! Faifan na hannunsa, shi ya ɗauka da kansa ya kai a yanka masa, ya ce a cire kiɗa, a rage haske, a sa ya yi kama da gaske! Don a ba shi kwamishina yake so ya zubar da ni, kuma yana jin kunyarka, shi ya sa ya ƙulla min wannan! Ka tambaye shi inda ya je makon jiya da hular sanyi! Ka tambaye shi, Baba, in ya isa ya dafa Alƙur'ani!"

Ta tsaya tana huci.

Ta jira ya musa. Ta jira ya yi ihu, ya rantse, ya daburce. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya saka, ya gyara mata zama. Ƙwallar nan ta ɗazu babu ita babu dalilinta.

"Ikon Allah," ya ce a natse. "Hular sanyi. Cire kiɗa. Baba, ni ko sunan waɗannan abubuwan ban sani ba, sai masu sana'ar." Ya ɗan karkata kai. "Da safe ta ce min dubiya za ta je asibiti."

Baba ya juyo. Karo na farko tun shigowarta ya kalle ta ido cikin ido. Sannan idonsa ya sauka kan jakarta, inda igiyar niƙabin ta leƙo waje.

"Wa ya faɗa miki wannan maganar?"

Ta ƙanƙame jakar a jikinta.

"Da ke nake, Basira." Tsohon ya ajiye carbin. "Daga ina kike?"